Rariyar da ake tankaɗe iskar gas da ita

Idan ka taɓa ganin ana tankaɗe garin masara a Kiru ko Bebeji, to ka san aikin rariya: gari ya wuce, tsaki ya tsaya. Yanzu ka ɗauka abin da za ka tankaɗe iska ce. Ina za ka samo rariyar?

Kashin shanun da ke jibge a rugagen Doguwa da Tudun Wada, idan aka kulle shi a tanki ya ruɓe, yana fitar da iskar gas. Kusan kashi 60 cikin 100 methane ce, wadda ke kamawa da wuta. Mafi yawan ragowar kuwa carbon dioxide ce, ba ta ci, sai dai ta rage ƙarfin wutar. Faɗin ƙwayar methane nanomita 0.38 ne, na carbon dioxide 0.33. Nanomita ɗaya fa milimita ce da aka raba gida miliyan. Ka ga bambancin bai taka kara ya karya ba.

A 2004 Peter Budd da Neil McKeown na Jami'ar Manchester a Ingila suka fito da wata roba mai suna PIM-1. Kowace roba dogayen sarƙoƙin ƙwayoyi ne. Na ledar kasuwa suna da laushi, suna kwanciya su manne da juna. Na PIM-1 kuwa an gina su da tauri, kuma a karkace. Ka ɗaura rake miƙaƙƙe, zai haɗe tsaf. Ka tara ƙirare masu gwiwa, dole a bar kafa. Waɗannan kafofi, da ba su kai nanomita 2 ba, su ne idon rariyar. Carbon dioxide ta fi ƙanƙanta, ta kuma fi saurin shiga jikin robar, sai ta riga methane tsallakewa.

Amma akwai cikas. Tun 1991 Lloyd Robeson ya nuna cewa robar da iska ke ratsawa da sauri ba ta cika tacewa da kyau ba, mai tacewa da kyau kuma tana da nawa. Ga shi kuma PIM-1 na tsufa: a hankali sarƙoƙin suna matsowa, kafofin su tsuke. Waɗannan biyun masu bincike ke fama da su har yau.

Me ya shafe ka? Gas ɗin da aka tace ya fi zafin wuta, ana iya matse shi a tukunya. Duk girkin da aka yi da shi, an rage wa dajin Falgore gatari.