Ƙofar Sukari a Jikin Ƙwayar Bakteriya

A cikin hanjin kowane ɗayanmu akwai wata 'yar ƙwayar bakteriya wadda masana ke kira E. coli. Wani likita Bajamushe, Theodor Escherich, shi ya fara bayyana ta a 1885. Don ƙanƙantarta, in aka jera guda 500 kai da kai, da ƙyar su cika milimita ɗaya. Ba ta da baki, amma tana ci, abincinta kuwa sukari ne. To, ta ina ya ke shiga?

Jikinta a lulluɓe ya ke da wata fata siririya mai maiƙo, sukari kuwa ba ya iya ratsa maiƙo da kansa. Saboda haka sai da ƙofa. Ƙofar sukarin madara, watau laktos, wani furotin ne da a ke kira LacY, wanda Jacques Monod da abokan aikinsa suka ba da labarinsa a 1956 a Cibiyar Pasteur ta birnin Faris. An gina shi da 'yan tubala 417, ya kuma ratsa fatar nan sau 12. Sai a 2003 aka ga ainihin siffarsa.

Aikinsa kamar zaure ne mai ƙofa biyu, amma ba a buɗe su tare. Ta waje ta buɗe, sukari ya shiga, a rufe, sa'an nan ta ciki ta buɗe. Ƙarfin yin haka kuwa ga inda ya ke fitowa. Kullum bakteriya tana tura ƙwayoyin haidirojin masu caji waje, su kuwa suna matsawa su komo. Kowace ɗaya da ta biyo ta zauren nan sai ta shigo da ƙwayar laktos ɗaya. Ta haka ne sukari kan taru a ciki har ya fi na waje yawa.

Gina irin wannan ƙofa yana cin ƙarfi, madara kuwa ba kullum ta ke samuwa ba. Don haka bakteriya ba ta gina ta sai da dalili. A cikin DNA ɗinta, watau littafin gadonta, umarni uku suna jere wuri guda, ana karanta su tare. Na farko na furotin da ke raba laktos gida biyu ne, na biyu na ƙofar, na uku na wani ƙaramin mataimaki. A bakin jerin nan wani furotin ya ke zaune, bari mu kira shi dogari. Muddin yana nan, ba a karanta kome. In laktos ya shigo, furotin mai rabawa ya kan juya kaɗan daga ciki ya zama alolaktos. Wannan ya manne wa dogari, siffar dogari ta sāke, ya saki wurin. Nan da 'yan mintoci sai gini ya kankama, har furotin ɗin su ninka wajen sau 1,000. In sukari ya ƙare, dogari ya koma mazauninsa.

Watakila mai karatu ya ce, “Tsaya! In ba a gina ƙofa sai sukari ya shigo, sukarin farko ta ina ya bi?” Tambaya ce mai kyau. Amsa ita ce, dogarin nan ya kan saki wurin na ɗan lokaci jifa-jifa, a yi wuf a karanta umarnin. Saboda haka ko babu madara, ba a rasa 'yan ƙofofi ƙalilan a jikin fatar. Su ne ke shigo da na farko. Na farko ya sa a ƙara ƙofofi, ƙofofi su ƙara shigo da sukari. Da tsaron ya cika sarai, da ƙwayar ta zauna da yunwa ga abinci a bakin ƙofa.

Akwai sauran dabara guda. In an ba ta gulukos da laktos tare, gulukos ta ke fara ci, don ya fi sauƙi. Monod ya lura da irin wannan tun 1941: ƙwayoyin su yi ta yaɗuwa, su ɗan tsaya, sa'an nan su ci gaba da sukari na biyu. Dalili kuwa, sa'ad da gulukos ke shiga, wani furotin na hanyarsa ya kan kama LacY ya hana shi aiki. Har wa yau, wani mai ƙarfafa karatun umarnin nan ba ya tashi sosai sai gulukos ya yi ƙaranci.

A 1961 François Jacob da Monod suka bayyana wannan tsari, a 1965 aka ba su lambar Nobel tare da André Lwoff. Dogarin kansa sai a 1966 Walter Gilbert da Benno Müller-Hill suka ware shi. A 1978 kuma aka yi amfani da makunnin nan wajen sa E. coli ta yi insulin irin na mutum.

'Yan'uwa, in mun shiga aji yaro ya tambaya me ya sa ido ya bambanta da hanta alhali gadonsu ɗaya, ga mafarin amsa. Littafin ɗaya ne, shafin da aka buɗe ne ya bambanta.