Sayen gida a Jabi da Utako: a duba takarda kafin a duba falo

Duk wanda ya taɓa fitowa daga Mararaba da asuba, ya maƙale a Nyanya har rana ta take, ba ya bukatar dillali ya yi masa bayanin darajar gida a Jabi ko Utako ko Wuye. Waɗannan unguwanni suna kashi na biyu na taswirar Abuja, daf da kashin farko da ya ƙunshi Maitama da Asokoro da Wuse da Garki. Kafin a gama labaran safe a rediyo mutum ya isa sakatariyar gwamnatin tarayya.

Lokaci ne ake saya, kuma shi ne tsadar. Magidanci ya kai yara makaranta da kansa, ya dawo cin tuwon rana, ya sami Magariba a masallacin unguwa. Da la'asar a bakin tafkin Jabi za ka ga dattijo da wandon motsa jiki yana taka sayyada, yara suna rigimar a ɗora su kan doki, mai kilishi yana kaɗa ƙudaje. Ga Jabi Lake Mall da aka buɗe a 2015, ga kasuwar Utako inda ake taya tumatir kamar a Sabon Gari, ga tashar mota idan tafiya gida ta taso. Maitama ta fi tsit, amma je ka nemi mai ƙosai da ƙafa.

Sai dai a Abuja ba ƙasa ake sayar maka ba. Tun dokar da ta kafa birnin a 1976, zamanin Janar Murtala Muhammad, ƙasar yankin duka ta gwamnatin tarayya ce, ministan Abuja kaɗai ke rabawa. Takardar mallaka izinin zama ce, galibi na shekara 99, kuma akwai harajin ƙasa duk shekara. Masu ganin harajin wasa ne sun sha mamaki a watan Maris na 2025, da minista Nyesom Wike ya soke takardu 4,794 a manyan unguwanni saboda bashin da ya haura shekara goma.

Don haka kafin ka ba da ko kafin alƙalami, ka tura lauyanka ofishin AGIS mai ajiye bayanan filayen Abuja, wanda aka kafa zamanin minista Nasir El-Rufa'i, ya binciko sunan wa ke kan fayil, ko an jinginar da gidan a banki, ko fili ne na lambu da aka ɗora wa bene. Dillali zai ce maka “Alhaji, wani na nan tafe da kuɗi gobe.” La'adarsa yake hange. Takardar mai unguwa kuwa ba ta tsayar da motar rusau.

In ɗaki ne a bene mai hawa huɗu, akwai kuɗin hidima: man janareto, maigadi, kwashe shara, gyaran famfon burtsatse. Wasu sai sun tare suke jin adadin. Ka tambayi maƙwabci, ba mai sayarwa ba.

Shawarata ɗaya ce: ka je ka ga gidan a watan Agusta, bayan an sheƙa ruwa, sannan ka sake komawa da ƙarfe goman dare ka saurari unguwar.