Sito cike da citta ba shi ne arziki ba: Darasin takardar kadara da bashi

A Kafanchan, idan aka ga sito maƙare da buhunan busasshiyar citta, sai a ce mai shi ya yi arziki. Akanta kuwa ba ya saurin yanke wannan hukunci. Tambayarsa ta farko ita ce: nawa ne nasa a ciki, nawa ne na mutane?

Amsar tana cikin takardar kadara da bashi, wadda ke nuna matsayin kasuwanci a rana guda, galibi ranar rufe lissafin shekara. Ɓangare ɗaya yana jera abin da aka mallaka: kuɗin hannu da na banki, haja, mota, da bashin da ake bin wasu. Ɗaya ɓangaren yana nuna inda dukiyar ta fito: bashin da ke kan mai kasuwar, da kuma jarinsa. Tilas jimillar ɓangarorin biyu ta zo daidai.

Mu ɗauka wani ɗan kasuwa yana da cittar naira miliyan 8 a sito, da miliyan 1 a banki, ya kuma ba manoma miliyan 3 da za su biya da citta bayan girbi. Kadararsa miliyan 12 ke nan. Idan banki na bin sa miliyan 5, waɗanda suka ba shi kaya kuma miliyan 2, to nasa na kansa miliyan 5 ne kacal.

A 2023 cutar ruɓewa ta lalata gonakin citta a ƙananan hukumomin Kachia, Jaba, Kagarko da Jema'a. A irin wannan shekara, miliyan 3 ɗin da ke hannun manoma na iya salwanta, jarin ya koma miliyan 2, alhali bashin banki yana nan daram. Littafin ciniki na yau da kullum ba ya nuna wannan haɗari.

Shi ya sa masu ba da rance kan nemi ganin takardar kafin su saki kuɗi, kuma dokar kamfanoni ta 2020 ta wajabta wa kamfanoni shirya ta duk shekara. Ƙaramin ɗan kasuwa ma zai iya zana ta da biro a shafi ɗaya, kafin ya ƙara cin bashi.