Ranar da na kai 'yan ajina tsohuwar fadar Ahidjo

Kafin mu tafi sai da na sha fama da iyaye. Wani dattijo ya tare ni bayan sallar Magariba ya ce, "Malam, gidan gumaka za ka kai mana yara?" Na ce, "Alhaji, ilimi za mu nema, ba bauta ba." Bai gamsu ba. Cikin yara 34, takwas aka hana.

Daga Briqueterie zuwa Gidan Tarihi na Ƙasa tafiyar 'yan mintuna ce a taksi, amma babu ko ɗaya cikinsu da ya taɓa shiga. Ni kaina, kunya ta hana ni faɗa musu, sau ɗaya na taɓa zuwa.

Ginin kansa darasi ne. Turawan Faransa suka gina shi, gwamnoninsu suka zauna ciki, sannan ya zama fadar Ahmadou Ahidjo, mutumin Garwa da ya shugabanci Kamaru daga 1960 zuwa 1982. A watan Janairun 2015 aka sake buɗe shi bayan gyara. Da na ce musu a nan shugaban ƙasa na farko ya zauna, kuma Musulmi ne kamarsu, sai surutu ya tsaya.

Mun ga ganguna, sassaƙe-sassaƙe da tufafin ƙabilu daga kudu har arewa. Wata yarinya ta rufe ido a gaban wata fuskar katako, daga baya ita ta fi kowa tambaya.

Muna fitowa wani yaro ya ce, "Malam, to mu 'yan Briqueterie ina namu?" A Yawunde aka haife shi, haka ma babansa, amma kullum ana kiransa ɗan arewa. Na rasa amsa. Unguwarmu ta samo sunanta daga masana'antar bulo, kakanninmu fatake da mahauta da teloli suka raya ta, amma wa ya ajiye labarin? Tsofaffi na ta rasuwa, takardunsu na tafiya da ruwan damina.

Na ba su aikin gida: kowa ya tambayi kakansa yadda ya zo garin nan. Ranar Litinin jikar dattijon nan, wadda aka hana zuwa, ta shigo da tsohon hoton mahaifinsa tsaye gaban teburin tsire. Ta ce ya ce in mayar masa kafin La'asar.