Dabbar da ke Gudu a Kan Takobi

Wace dabba ce ba ta ci, ba ta sha, ta ƙetare Sahara da gudu, kuma har yau ba ta tsaya ba?

Tana nan a Dudunni ta ƙasar Kusada, a ɗakin wani dattijo, cikin kube na jar fata da hamilarsa ta koɗe. Idan ya zare takobin da ya gada, ya goge tsatsar da ɗan mai, sai ta fito kusa da ƙota: ƙafafu huɗu a miƙe, baki a buɗe, wutsiya a sama. Duka tsawonta bai kai ɗan yatsa ba. To, wa ya zana ta?

Kowa zai fara cewa maƙerin gari. Na so in yarda, domin ina girmama maƙeranmu. Sai dattijon ya kafa tsinin a ƙasa, ya danna har ruwan takobin ya lanƙwasa, ya saki. Ya miƙe tsaf, yana rawa. Ƙarfen tama na gida ba kasafai yake haka ba.

To ko asiri ne? Malaman da ke yi wa mayaƙa tsari ayoyi da hatimi suke rubutawa, ba sa zana mai rai. Wannan ma ta faɗi.

Sai Masar ko Santambul. Amma takubban Turkawa da aka fi sani lanƙwasassu ne masu kaifi ɗaya. Wannan miƙaƙƙe ne, kaifi biyu, da gicciye a ƙota. A ina aka taɓa ganin irinsa?

A littafi. Jamusawa suna da littattafan hannu masu zane da ke koyar da faɗa da takobi. Mafi tsufa, na wajen 1300, yana ajiye a Leeds ta Ingila. Hans Talhoffer ya bar nasa na 1443 da 1459 da 1467. A irin waɗannan littattafan za ka ga jarumi cikin sulken ƙarfe tun daga kai har ƙafa, ya kama tsakiyar ruwan takobinsa da hagu yana neman hammatar abokin gaba, domin sara ba ya cin irin wannan sulke. Wani ma juya takobin yake, ya yi duka da ƙota. Siffar takubbansu ta yi kama da ta namu ƙwarai. Ke nan na wani jarumin zamanin ne, tun kusa da lokacin da Sarkin Kano Kanajeji ya shigo da lifidi da sulke da kwalkwali?

Mun kusa. Ƙasar ce. Zamanin ne ba shi ba.

Shaidar ta bi ta ƙofarmu. A farkon 1851 Bajamushe Heinrich Barth, wanda ake kira Abdulkarim, ya taso daga Katsina, ya bi ta Kusada, ya shiga Kano. A kasuwa ya tarar da kayan ƙasarsu. Ruwan takubba, zalla, babu ƙota. Ya ƙiyasta kusan 50,000 ke shigowa a shekara, akasarinsu daga gari guda.

Solingen.

Dabbar kuwa kyarkeci ne, tambarin birnin Passau, wanda maƙeransa suka yi suna tun zamanin waɗancan littattafai. Da masu saye suka riƙa neman takobi mai kyarkeci, maƙeran Solingen suka ara, suka ci gaba da buga shi. Bindiga ta rage wa takobi daraja a Turai, amma kasuwarsa ba ta mutu a nan ba. Jirgi ya sauke a Tarabulus, raƙuma suka ɗauka ta Gat da ƙasar Azbin. A Kano maƙera suka sa ƙota, dukawa suka ɗinka kube, fatake suka watsa shi har ƙasar Buzaye da Barno.

Sai dai maƙeran wannan nahiya su ma sun koyi zana kyarkecin a kan nasu ƙarfen, saboda yana ƙara kuɗi. Don haka idan ka ga 'yan lifida ranar Hawan Sallah a Katsina, ka samu wanda ya yarda ya zare maka nasa, duba dabbar tukuna, sannan ka roƙe shi ya danna tsinin a ƙasa.