Ƙoƙi-ƙoƙi: Suna Ɗaya, Iri Barkatai

1.0 Gabatarwa

Wannan maƙala ta dubi giɓin da ke tsakanin sunan da Hausa ta ba ƙoƙi-ƙoƙi da ire-irensa a daji, tare da misalai daga irin dajin da ya kewaye Idu a Abuja. Masana ƙwari sun ƙidaya iri sama da 2,400 a duniya, amma kalma ɗaya Bahaushe ya tanadar musu. Fara kuwa, da yake ana cin ta tana kuma cin amfanin gona, har babe da ɗango an bambance. Tsirrai sun yi dacen ƙamus ɗin Dalziel tun 1916. Ƙoƙi ta yi suna a tatsuniya a matsayin matar Gizo, sai dai tatsuniya ba ta damu da launin fiffike ba.

2.0 Kamanni da Mazauni

Wanda aka fi sani shi ne babban kore na dangin Sphodromantis, mai farin ɗigo a kowane fiffike, wanda ke fako a ganyen ƙananan itatuwa da damina. Akan ruɗe shi da Mantis religiosa, wanda Linnaeus ya raɗa wa suna a 1758. Alamar wannan baƙin tabo ne a cikin gindin ƙafar gaba, kuma ciyawa ya fi so. Dangin Tarachodes shafaffu ne masu launin toka, suna manne wa ɓawon itace har ido ya wuce su. Popa spurca kamar busasshen tsinke yake, Phyllocrania paradoxa kuma kamar mataccen ganye.

Abin lura a nan shi ne, launi kaɗai ba hujja ba ne. Iri ɗaya kan fito kore ko ruwan ƙasa, kuma a dajin da aka ƙone da rani wasu kan yi baƙi bayan sun saɓe. Saboda haka mai fassarar da ya ƙirƙiro "koren ƙoƙi-ƙoƙi" da "baƙin ƙoƙi-ƙoƙi" a littafin makaranta zai raba 'yan gida ɗaya, ya haɗa bare. Ya fi dacewa a gina sunan a kan mazauni ko tabbatacciyar alama: ƙoƙin ɓawo, ƙoƙin tsinke, mai farin ɗigo.

Aikin na bukatar hanzari. Masana'antu da tashar jirgin ƙasa da aka buɗe a 2016 sun ci dajin Idu, kuma ya kamata a tambayi manoman Gbagyi na yankin sunayen da suke da su kafin gonakin su zama filoti.