Wasiƙun 'Yan Burma: Kada Mu Bar Wa Gara Su

Da wuya a sami wanda ya tashi a Mubi da kewayenta bai taɓa jin labarin 'yan Burma ba, watau samarin da Turawa suka ɗauka soja a Yaƙin Duniya na Biyu. A lokacin nan Mubi tana cikin yankin Kamaru da Ingila ke riƙo, ana mulkinta daga Yola tare da Lardin Adamawa. Sai a 1961 ta shigo Nijeriya bayan ƙuri'ar raba gardama. Amma ɗaukar soja bai kula da wannan iyaka ba.

Tafiyar da sojan Nijeriya suka yi ba ƙarama ba ce. A 1940 aka kai su Kenya, suka shiga Mogadishu cikin Fabrairu 1941, sa'an nan Addis Ababa cikin Afrilu. A 1943 aka ɗebi Runduna ta 81 a jirgin ruwa zuwa Indiya, ta gwabza da Japan a kwarin Kogin Kaladan. Runduna ta 82 ta bi sawu a 1944, su biyun suka ci garin Myohaung cikin Janairu 1945.

To, amma iyaye a gida ba su ga waɗannan sunaye a takardun 'ya'yansu ba. Doka ta hana soja faɗin inda yake ko inda za a kai shi. Kowace wasiƙa sai hafsa ya duba, ya soke sunan gari ko na jirgi. Abin da ya rage shi ne gaisuwa, da labarin ruwan sama marar yankewa, da cin shinkafa, da tambayar ko kuɗin da ake yanka daga albashinsa yana isa ga iyali. Galibinsu ba su yi boko ba, sai akawu ko wani aboki ya rubuta musu. Idan takarda ta iso, malami ne zai karanta a zaure, kowa yana ji.

Gurbin da hafsa ya soke, ji-ta-ji-ta ce ta cike shi. Takarda ta yi wata uku ba ta zo ba, sai a fara raɗe-raɗin mutum ya rasu. Can fagen fama ma haka, don tsofaffin sojan sun sha faɗin cewa an tsorata sojan Japan da labarin wai baƙar fata suna cin mutum. Maganin irin wannan ƙarya yana cikin dalilan kafa Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya cikin Janairu 1939. Editanta, Malam Abubakar Imam, ya riƙa buga labarin yaƙi da wasiƙun soja.

Yau sunayen da aka hana rubutawa suna manne a ƙofofin barikokinmu: Myohaung da Arakan a Ikko, Kalapanzin da Dalet a Kaduna, Chindit a Zariya. Takardun kuwa suna ƙarewa. Da 'yan Boko Haram suka mamaye Mubi cikin Oktoba 2014, jama'a sun gudu da abin da ke jikinsu, mai gudun ceton rai kuwa ba ya tsayawa neman tsohuwar takarda.

Saboda haka muna roƙon duk wanda ya gāji irin wannan wasiƙa, ta boko ko ta ajami, ya buɗe adakar kakansa tun gara ba ta riga shi ba. Ya ɗauki hotonta, ya kai kwafi Gidan Arewa ko Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa a Kaduna. Turawa sun rubuta nasu labarin wannan yaƙi. Namu yana cikin waɗannan 'yan takardu.

Allah Ya jiƙan mazan jiya, amin.